Huɗu Ga Kowane Ɗaya

A Dundee, ƙarfe huɗu rana ta riga ta naɗe tabarmarta.
Kogin Tay ya yi launin tsohuwar kwalla.
Ni ina ƙasan bene, inda firji goma sha biyu
ke gurnani kamar raƙuma a turke,
jinin mutum dubu arba'in na barci a cikinsu
tun ban iya ɗaurin ɗankwali ba.

Ɗari uku da sha biyu cutar ta kama.
Sauran suna nan, suna shan shayi, suna mitar ruwan sama.
Me ke cikin jinin waɗancan tun ciwo bai yi sallama ba?
An ce Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta.
Mu Larabar baƙar Juma'a muke nema.

Ishbel, mai riƙe da makullan sanyi, ta ce:
"Kowace kwalba fam talatin ce in an narkar,
kuma jinin da aka tasa ba ya koma barci.
Zaɓi, Hansatu. Aljihunmu bai kai kowa da kowa ba."

Sai na tuna Kawu Ɗanjuma a Dawanau
da ƙarfensa mai baki irin na alƙalami.
Ya soki buhu, ƙwaya ta gangaro tafin hannunsa,
ya duba, ya tauna guda, ya taya.
Bai taɓa zazzage buhu don ya san gero ba.

Ga yadda cinikin yake.
In na tsayar wa kowane majinyaci lafiyayye guda,
na sami rabin abin da taron duka zai faɗa mini.
In biyu ne, biyu cikin uku.
In huɗu, huɗu cikin biyar.
Daga nan hanya ta zama rairayi:
na goma, na ashirin, kuɗi suke ci,
abin da suke ƙarawa bai cika cokali ba.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima.
Na ce huɗu.

Sai dai ba ni ke nuna su da yatsa ba,
hannu yana da son kai.
Ranar da likita ya zaunar da mutum ya gaya masa,
nan nake tsayar da agogo,
in tara sa'o'insa da ke lafiya a wannan yini,
ƙuri'a ta ɗauko huɗu.
Leƙen gobe haramun ne a wannan sana'a.
Wanda ke lafiya ran nan lafiyayye ne,
ko me ya biyo baya.

Jiya da yamma Ishbel ta ɗora farce a kan takarda.
Wata mata, shekara hamsin da takwas, ba ta shan taba.
Ƙuri'a ta ɗauke ta ta tsaya wa wata.
Shafi uku a ƙasa, bayan shekara biyar,
ga lambarta kuma, a ɗaya layin,
baƙi huɗu na tsaye a gefenta.

"An maimaita ta. In goge?"

Na ce a bar ta. Lissafi ya san da wannan,
in aka cire ta ma amsar karkacewa za ta yi.
Ban gaya mata sauran ba:
cewa a garinmu mai zuwa dubiya yau
shi ake kai wa kunu gobe,
kuma ko makara huɗu ke kama ta.

Na kashe fitila, raƙuman suka ci gaba da gurnani.
A cikin bas, wani dattijo mai hular ulu ya yi tari,
ya sake yi.
Kafin in ankara na zaɓa masa uku.
Ina neman na huɗu, sai gilashin taga
ya miƙo mini fuskata.